Gargaɗi ga Masu Sauke Mota Ƙasa: Taya Tana Cinyewa Ta Ciki

Duk wanda ya sa aka sauke motarsa ta kusa taɓa kwalta, ko ya sayi wadda aka riga aka sauke, kada ya hau babbar hanya sai ya duba tayoyinsa ta ciki. Ya karya sitiyari har ƙarshe, ya durƙusa, ya haska tocila a gefen tayar da ke fuskantar cikin mota. Na baya kuma sai an ɗaga da jek ko an kwanta a ƙasa. In ya ga gefen ya yi sumul, ko zare ya fito, ko waya tana ƙyalli, motar nan ba ta tafiya ko'ina yau. Kada ma ya shafa da hannu, wayar tana yanka.

Yayin sauke mota ya shigo Kano da Kaduna da Abuja da ƙarfi. Samari suna sayen BMW da Mercedes da Lexus da Honda, a sa musu gajeren sifirin da faffaɗan rim, mota ta tsuguna ta yi kyau a hoto. Ban ƙi kwalliya ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yawancinsu daga garejin da aka sauke motar sai titi, babu alaimen.

Kamfanin da ya ƙera mota ya auna tsayuwar kowace taya ne a kan tsayin da ya ba motar. Da zarar an rage tsayin, hannuwan ƙarfen da ke riƙe da taya sun sauya kusurwa, sai saman tayar ya karkata ciki, ƙasanta ya buɗe waje. Wannan karkata ita ce kamba. Motar gida tana fitowa da 'yar kaɗan, galibi ba ta wuce digiri 1 zuwa 2 ba, kuma motocin da ƙafafunsu ke da hannuwa da yawa, musamman a baya, sun fi saurin ƙara ta idan aka sauke su. Nauyin da ya kamata ya bazu a faɗin taya sai ya taru a gefe guda, kamar mai tafiya a kan gefen ƙafarsa. Gefen waje, wanda mai mota ke gani kullum yana wankewa yana shafa masa mai, yana nan da zanensa kamar sabo.

Masu tsere suna ƙara kamba da gangan, har kusan digiri 3, kuma suna da dalili. A kwana mai tsanani jikin mota yana kwantawa waje, sai tayar da ke ɗauke da nauyi ta zauna daram a ƙasa. Amma su suna auna zafin taya a wuri uku, ciki da tsakiya da waje, su gyara, su sauya tayoyi bayan wasa. Kai da za ka miƙe daga Kano zuwa Zariya ba kwana kake sha ba, saboda haka gefen ciki ne kawai yake aiki tun daga tashi har isa. Ita kuwa karkatar da ta wuce hankali, wadda ake gani a bidiyon motocin Japan da Amurka, tayoyi a baje kamar za su faɗi, ta baje koli ce. Tana rage fatar tayar da ke taka ƙasa, birki ya yi nisa kafin ya tsayar da mota, a damina kuma santsi ya ƙaru.

Akwai wadda ta fi kamba ɓarna, ita ce fuskar taya, wato ko tayoyin suna kallon gaba sak, ko sun ɗan kalli juna, ko sun ɗan juya wa juna baya. Sauke mota yana gurɓata wannan ma. A yi lissafi: tayar da ta kauce da digiri 1 kacal ana jan ta a kaikaice kusan mita 17 a kowane kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, an goga ta a kwalta wajen kilomita 4. Haɗa wannan da nauyin da ya taru a gefe guda, da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da tayar tokumbo da ba a san shekarunta ba. Tayar tana fashewa ne ana tsaka da gudu, kuma ba mai motar kaɗai ke kan hanyar ba. Akwai 'yan acaɓa da 'yan makaranta da bas cike da fasinja.

Ina roƙon makanikai da masu walda su daina yanke sifirin, su daina gasa shi da wuta don ya lanƙwashe. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yankakke kuma yana iya zamewa daga mazauninsa idan mota ta faɗa rami. Wanda ya nace sai an sauke masa, a sa masa sifirin da shokazoba da aka ƙera don juna. A ɗaure kusoshin bushin bayan mota ta zauna da nauyinta a ƙasa, domin in an ɗaure su tana rataye robar za ta murɗe ta yage. Kafin a taɓa alaimen a duba tayirod da boljoyin da boris, don ba a saita ƙafar da ke girgiza.

Alaimen ɗin ma a yi na ƙafa huɗu, a kan na'ura. Ido kaɗai bai isa ya kama rabin digiri ba, kuma gyaran gaba kaɗai yana barin baya tana tura motar a karkace. Motoci da yawa ba su da wurin gyara kamba daga kamfani. Sai an sayo kusoshi ko hannuwa masu saiti. In mai alaimen ya ce maka, "Alhaji, wannan ba ta dawowa sai an sauya hannu," gaskiya ya faɗa, ka saya ko ka mayar da motar tsayinta. Ka karɓi takardar awon kafin gyara da bayan gyara, ka tabbata hagu da dama sun yi daidai. Sabon sifirin yana ƙara zama bayan 'yan kwanaki, don haka a koma a sake aunawa, haka ma duk ranar da mota ta daki rami ko tudun rage gudu da ƙarfi. Motocin zamani kuma a saita musu na'urar da ke karanta juyin sitiyari, tunda da ita kwamfutar hana santsi take aiki.

Iyaye da yayye, in motar yaronku ta tsuguna, sitiyarinta ya karkace a miƙaƙƙiyar hanya, ko tana ja gefe, ko taya tana kuka a ƙaramar kwana, ku karɓi makullin. Zanen taya bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba ko a gefe guda ne. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗi kan tayar da ta haura shekara 4. Tayar da zarenta ya fito kuwa ba a yi mata faci, ba a juya ta baya, ba a sayar wa wani. A huda gefenta kafin a yar, don kada ta sake komawa kasuwa.