Tsibi ko jeri: koyar da rabawa a garin gishiri

Tegidda-n-Tesumt, arewa da Ingal a jihar Agadas, da gishiri take ci. Ana jiƙa ƙasa da ruwan zartsi, a tsiyaye shi cikin ɗaruruwan ƙananan ramuka, rana ta ƙafe ruwan, a kwashe gishirin a cura don dabbobin makiyaya. Yaron da ya tashi a nan ya iya rabo tun kafin malam ya rubuta masa alamar rabawa a allo: ɗaya naka, ɗaya nawa, har kaya su ƙare, kowa da tsibinsa, kamar watanda.

Hanyar tsibi ke nan, kuma ba ta ƙarya. Ba yara shida curi 24, kowa zai tashi da huɗu. Sai dai da an gama rabo lissafi ya watse. Ido ba ya gane tsibi sai an sake ƙirga shi, kuma idan gobe aka ce mutum huɗu za su raba 24 ɗin, yaro zai fara daga farko kamar bai taɓa ganin lambar ba.

Jeri kuwa yana ajiye lissafin a ƙasa. A shimfiɗa curin nan layi shida, kowane layi huɗu. Sai malam ya ce da yarinya, "Zaga ta gefe, ki gaya mana abin da kika gani." Layi huɗu, kowane shida, ba a taɓa ko curi ɗaya ba! Nan take 24 a raba 6, da 24 a raba 4, da 6 sau 4 suka zama abu guda. A ƙara curi biyu su zama 26, biyun nan za su tsaya a waje, sun kasa cika layi, kuma ragowa ta bayyana kanta ba da dogon Faransanci ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke jin Tasawak ko Tamashek a gida.

Jeri ma yana da iyaka. Babu mai jera curi 437 a tsakar aji, dole wata rana a koma ga alli da jadawalin sau. Ramukan gishirin garin ma ba a jere suke ba, balle malam ya nuna su ya huta.

Duk da haka, ni jeri na zaɓa. Malaman ƙananan azuzuwa, ku fara da tsibi kwana biyu tunda yara sun san shi, sannan ku sa su jera. Tsakuwa ma ta wadatar.