Itatuwan Gida da Abincin Lokaci a Kasuwannin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Duk wanda ya saba da layin masu kayan miya a kasuwannin arewa maso yammacin Jihar Jigawa, yana iya faɗin lokacin da ake ciki a shekara ta hanyar duba abin da aka kasa a faifai. Kayan kanti irin su taliya da shinkafar buhu da dunƙulen ɗanɗano suna nan rani da damina. Amma gefen da tsofaffin mata da yara 'yan talla ke zama, kayansa sauyawa suke yi kusan kowane wata biyu, domin ana samo su ne daga gonaki da dazuzzukan da ke kewaye. Akan ɗauki waɗannan kaya a matsayin abin marmari ko abincin talaka, alhali kuwa su ne suke toshe giɓin da gero da dawa ke bari a cikin shekara.

Ƙasar yankin iri biyu ce. Kazaure da Roni da Gwiwa suna da duwatsu da tsakuwa da kwaruruka, ga kuma dam ɗin Kazaure da fadamun da ake noman rani. Babura kuwa jigawa ce mai rairayi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ruwan sama ba ya wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a cikinsu ake noma abin da za a ci a wata goma sha biyu. Sunayen garuruwa ma suna nuna irin itatuwan da mutane suka zauna a gindinsu: akwai Kanya da Ɗorawa a Babura, da Faru a Roni, da Sabaru a Kazaure, sannan a tsallaken iyaka ga Magarya.

Lokacin da ya fi tsanani ga magidanci shi ne daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, aikin gona kuma yana neman ƙarfi. A daidai nan ne ɗorawa ke nuna, ana shan garinta mai ruwan rawaya, danya ma ta zubo. Da zarar an yi ruwa biyu ko uku, sai tafasa da rama da lalo da gasaya da zaƙi-banza su cika kasuwa. Kwaɗon tafasa da aka haɗa da ƙuliƙuli da ɗan barkono ya riƙe gidaje da yawa kafin gero ya yi kai. Yaɗiya kuma ta fi su juriya, domin ko a tsakiyar rani ganyenta ba ya bushewa, shi ya sa dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa raina ta.

Kaka lokacin yalwa ne, ga ɗinya da gurjiya da aya da riɗi da zoɓo, ga kuɓewa da kuka da karkashi ana shanyawa domin miyar rani. Da hunturu ya kama sai 'ya'yan itatuwa busassu su karɓi faifan: magarya da kurna da aduwa da kanya da goruba da tsamiya da kwalba. Fifikon da suke da shi a kan tumatur da mangwaro shi ne ba sa ruɓewa da wuri. Ana iya ajiye curin tsamiya ko buhun kwalba wata da watanni ba tare da firji ba, a fito da su lokacin azumi ko lokacin da farashinsu ya tashi.

Ɗorawa ta cancanci a tsaya a kanta, domin da wuya a sami itacen da Hausa ta raba wa sassansa sunaye kamarta. Furenta tutu ne, 'ya'yanta tun suna ƙanana sabada, ƙwayarta kalwa, ruwan da ake jiƙa ɓawonta a samu domin daɓe da shafe katanga shi ne makuba. J. M. Dalziel ya tattara irin waɗannan sunaye a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma yawancinsu suna cikin ƙamusun Bargery na 1934. Harshe ba ya wahalar da kansa wajen raɗa wa abu suna biyar sai in abin yana da aiki biyar. Haka lamarin yake ga goruba mai kaba da ƙodago, da aduwa mai dabagira, da ɗinya mai ɗinkin, da giginya mai muruci. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin tutu ba, kalmar ma ɓace masa za ta yi.

Daga kalwa ake yin daddawa, kuma aiki ne mai cin itace da lokaci. Ana dafa ta wuni guda ko kwana, a surfe, a wanke ɓawon, a sake dafawa, sannan a rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so, a kirɓa, a cura, a shanya. Fiye da kashi 30 cikin 100 na busasshiyar daddawa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, don haka a gidan da nama ke wuya ba ƙamshi kaɗai take ƙara wa miya ba. Dunƙulen kanti yana ba da gishiri da ɗanɗano, amma ba ya maye wannan gurbi. A yau masu sana'ar da yawa sun koma waken soya saboda tsadar kalwa, kuma tsadar tata alama ce ta abin da ke faruwa a gonaki.

Wanda ya zaga gonakin yankin zai ga kukoki da ɗorayi da tsamaiku manya-manya, amma da ƙyar zai ga ƙanana. Garmar shanu da tarakta suna tuge tsiron da ya fito, awakin da ake saki da rani suna cinye wanda ya tsira, masu gawayi da masu itacen girki kuma suna sare manyan. Kasuwar kanta tana da hannu a ciki, domin idan aka kwashe kalwa kaf aka dafa, ba abin da zai tsiro. Ɗorawa tana ɗaukar shekara takwas zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya sosai, kuma manomin da ke aro ko hayar gona ba shi da dalilin rainon abin da wani zai ci. Shirye-shiryen dashen itatuwa sun daɗe suna fifita darbejiya da turare, waɗanda baƙi ne daga Indiya da Ostareliya. Suna ba da inuwa da azara, suna tare iska, amma ba a kaɗa miya da su. Shi kansa zogale asalinsa Indiya ne, sai dai shi ya shiga tukunya har an manta baƙo ne.

Misalin gyara ba shi da nisa da Babura. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka sauya yadda suke sassabe: maimakon a share gona ƙwal, sai a bar kututturen da ke toho, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a rene su. Ana kiran wannan sassaben zamani, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A Magarya da Matamai da Mirriya gawo ne ya fi yawa, shi da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma taki ƙasa. Abin da ya ƙarfafa wa manoma gwiwa shi ne tabbacin da suka samu cewa itacen da suka rena nasu ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.

Kasuwar waje ma ta fara leƙowa. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin kwalba, wanda bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemon zaƙi, a ƙasashenta, haka kuma zoɓo da riɗin Jigawa sun daɗe suna ƙetare teku. Ƙarin farashi alheri ne ga mai kuka, amma akwai abin lura. Ganye da 'ya'yan itace a al'ada ribar mata ce da yara, da ita ake sayen sabulu da tara kayan ɗaki. Duk lokacin da abu ya tashi daga awon gwangwani da tiya ya koma lissafin buhu da mota, yakan fita daga hannunsu ya koma hannun dillalai, ita kuwa matar da ke kasa shi a bakin kasuwa sai ta koma sarin abin da a da take tsinkowa a gonar mijinta.