Dillalan inshora a Briqueterie: dokar da aka sa wa hannu a Yawunde, amma gyaranta sai Libarabil

Duk mai mota a Briqueterie ya san takardar da 'yan sanda ke fara nema idan suka tare shi a hanya: inshora, wadda mu nan muka fi kira asurans. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mai sayar musu da takardar yana aiki ne a ƙarƙashin dokar da ko majalisar dokokin Kamaru ba ta da ikon taɓa harafi ɗaya a cikinta.

A ranar 10 ga Yuli, 1992, a nan Yawunde, aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa hukumar CIMA, wadda a yau ke kula da harkar inshora a ƙasashe 14, har da Nijar da Chadi da Kamaru. Kundin dokokinta ya fara aiki a 1995, hedikwatarta kuma tana Libarabil ta ƙasar Gabon. Majalisar ministocin ƙasashen ce ke gyara dokar, kuma abin da ta zartar ya hau kan kowa.

Masu shiga tsakanin kamfani da mai mota iri-iri ne. Akwai wakilin kamfani, wanda ke sayar da hajar kamfanin da ya naɗa shi. Akwai dillali mai zaman kansa, kurtiye, wanda aikinsa nema wa mai saye abin da ya fi dacewa da shi. Shi sai ya sami izini daga ministan kuɗi, ya kuma kawo jinginar kuɗi da ba ta gaza sefa miliyan 10 ba. Sai kashi na uku, waɗanda na fi gani a Brik: masu kawo ciniki. Yawancinsu ba su da ko teburi. Sun san direban tasi, sun san mai ɗauko kaya daga kasuwar Mokolo, sun san Alhajin da ke da motoci uku, su ne ke karɓar takardu su kai ofis su dawo da asurans, a ba su ɗan kamasho. Jarinsu amana ce kawai.

To, wannan amanar ce gyaran 2011 ya taɓa. A watan Afrilun shekarar, a Njamena, ministocin CIMA suka sauya sashe na 13 na kundin: inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Ba bashi, ba a kawo rabi yau rabi bayan salla. Aka kuma hana masu shiga tsakani karɓar tsabar kuɗin da ya wuce sefa miliyan ɗaya a kan takarda guda, abin da suka karɓa kuma su miƙa wa kamfani cikin kwana 30.

Gaskiya dokar tana da dalili, kuma ban ga amfanin musun haka ba. Kafin lokacin, kamfanoni na ɗauke da tarin bashin da ba a biya su ba, wasu dillalan na riƙe kuɗin mutane suna juya shi, idan hatsari ya auku kuma sai a yi ta jan wanda aka buge da je-ka-ka-dawo. Amma a dubi inda aka yi sassauci. Wanda kuɗin inshorarsa ya haura ninki 80 na mafi ƙarancin albashi na shekara, ana iya ɗaga masa ƙafa har kwana 60. Gwamnati ma an sassauta mata. Inshorar mota kuwa an cire ta daga rangwamen ƙarara. Wato babban kamfani a Duwala na iya samun wata biyu, direban tasin da ke jiran cinikin yamma kafin ya yi cefane ba shi da ko kwana ɗaya.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Mutane suka fi raja'a ga asurans ta gajeren lokaci, wadda in ka haɗa lissafin shekara ta fi tsada. Tun 2017 kuma kamfanonin inshora ne ke karɓar harajin mota, wato binyet, tare da kuɗin asurans, nauyin da ke kan teburin ya ƙaru a rana guda. Mai kawo ciniki da ya san halin maƙwabcinsa yakan cika masa daga aljihunsa ya jira a biya shi, haɗarin duka a wuyansa. Wanda bai sami mai cika masa ba, shi ne masu takardar jabu ke farauta, kuma ba ya gane an cuce shi sai ranar da ya buge wani.

Wa ke kai wannan kuka gaba? Kamfanoni suna da ƙungiyarsu, ASAC, a matakin nahiya kuma suna da FANAF, wadda ake jin muryarta tun 1976. Dillalai masu izini suna da APCAR, kuma damuwarsu ba ta wasa ba ce: jinkirin biyan kamasho, da bankunan da suka shigo suna sayar da inshora a kantarsu. Sai dai damuwar dillalin da ke kula da inshorar masana'anta daban take da ta mai bin direbobi tasha-tasha. Na ƙasan nan ba su da kujera a ko'ina, tunda da yawansu ma ba su da katin sana'a da doka ta tanada. Wanda ba shi cikin rajista, yaya za a kira shi taro?

Shi ya sa nake ganin matakin farko ba Libarabil ba ne. Ƙofar Kamaru zuwa CIMA ita ce sashen inshora na ma'aikatar kuɗi, kuma yana nan cikin gari, kuɗin tasi ɗaya daga Brik. Cibiyar IIA mai horar da ma'aikatan inshora na ƙasashen yankin ita ma a Yawunde take. Idan masu kawo ciniki suka haɗu suka yi rajista a ƙarƙashin wakilai ko dillalai masu izini, suka karɓi kati, za su iya zuwa da buƙata a rubuce: a duba hanyar biyan asurans ta mota kashi-kashi ta kuɗin waya, yadda kowane biya zai rufe kwanakinsa ba tare da ƙarin tsadar gajeren lokaci ba. Wannan bai karya sashe na 13 ba, tunda ba bashi a ciki.

Akwai kuma wata ƙofa da ta shafi unguwarmu kai tsaye. A 2019 CIMA ta fitar da ƙa'idojin takaful, inshorar taimakekeniya da ta dace da shari'a. 'Yan kasuwarmu da yawa ba sa sayen komai sai abin da ɗan sanda zai tambaya, shagon atamfa da kekunan ɗinki kuwa a bar wa Allah, saboda shakkar halaccin abin. Duk kamfanin da ya so sayar da takaful a Briqueterie zai buƙaci mutanen da aka sani a masallaci da kasuwa, masu iya bayani da Hausa da Fulatanci. Amma kamfani ba ya iya ƙulla yarjejeniya a rubuce sai da wanda ya cika sharuɗɗan littafi na biyar na kundin, wato wanda ya yi horon da aka gindaya kuma yake riƙe da kati.