Murya Ma Koyonta Ake Yi: Makarantar 'Yan Amshi

 Yau maganar murya za mu yi.

Daga nan Ajingi zuwa Gaya, akwai samari da yawa masu sha'awar waƙa. Yaro zai tara kuɗin ƙwadagon damina, ya hau mota zuwa Kano, ya shiga situdiyo a Zoo Road, kwamfuta ta gyara masa murya, ya dawo yana jin ya iso. Ranar da aka miƙa masa makirfo a gidan biki, baiti biyu numfashi ya ƙare. Kuɗi sun tafi, ga kunya. Ba baiwa ya rasa ba fa, horo ne babu.

Magabata suna da makarantarsu, sunanta amshi. Ku ɗauki Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa Usman Ɗankwanda yana amshi, daga baya ya zama Daudun Kiɗa a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Wannan muryar da kuke ji tana ratsa kotso, shekaru ta yi tana dahuwa a bayan wani.

Me ɗan amshi yake koya? Farko, kunne. Aikinsa ya maimaita gindin waƙa daidai inda jagora ya ajiye, ba sama ba ƙasa. Sai ya fara yin ƙari, wato ya ƙarasa ɗan waƙar da jagora ya ɗauko. In ya goge, sai a kai ga karɓeɓeniya, wannan ya ɗauka wancan ya karɓe. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi bayanin waɗannan a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Ka ga mataki-mataki ne, ba wanda ake ba gaba ranar farko.

Na biyu, numfashi. Murya iska ce da ke fitowa daga huhu, ta kaɗa wasu 'yan tantani biyu a maƙogwaro. Wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuwel Garsiya, ya leƙa nasa da ƙaramin madubi a 1854, ya ga yadda suke motsi yana rerawa. Malaman waƙar gargajiyar Turai, musamman na Italiya, da numfashi suke fara wa ɗalibi darasi. Gwada yanzu: ɗora hannu a cikinka, ka shaƙi iska. In kafaɗunka suka ɗaga, iskar a sama ta tsaya. So ake ciki da haƙarƙari su buɗe. Sai ka sake ta a hankali da sautin "sss", kana ƙirgawa a zuci. Kullum ka ɗan ƙara. Wanda ya yi tajwidi ya san wannan: in ba ka tanadi numfashi ba, madda za ta yanke maka a hanya.

Na uku, furuci. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali. Garin mutane daban, garin tuwo daban, jan wasali ne ya raba su. Fari na launi daban, fari na rashin ruwa daban, hawa da saukar murya ne. In ka danne kalma don ta shiga kiɗa, ma'ana ta gudu. Saurari Mamman Shata: kalangu na tashi, amma kowace kalma tana fita sarai. Don haka karanta baitinka da baki tukuna kamar magana, sannan ka ɗora masa rauji.

Na huɗu, san gidan muryarka. Kada ka ce dole sai ka kai inda wani ya kai. Fara da gunguni baki rufe, minti 5 zuwa 10, a inda ba ka jin takura, kana hawa kaɗan kana sauka. In maƙogwaro ya fara zafi, tsaya. Zafi ba alamar ci gaba ba ne.

Sai kiwon muryar kanta. Sha ruwa sosai, musamman da hunturu da ƙura ta yi yawa. Rage ihu a gidan kallon ƙwallo. Sigari da shisha busar da maƙogwaro suke. Masu ce maka kodin na sanyaya murya kuwa, wallahi rami suke haƙa maka. Ba banza gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba. In muryarka ta dishe ta haura mako 3, je asibiti.

Shawarata ga mai farawa, namiji ko mace: kafin ka kai kuɗinka situdiyo, nemi wanda ya fi ka, mai bege ne ko makaɗin garinku, ka roƙa ka tsaya bayansa kana amsawa. Ɗauki muryarka a waya duk mako, ka saurara, ka gyara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku tura wa abokinku mai son waƙa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.