Me Ya Kai Masu Neman Jinsinsu Zanga-zangar Sauyin Yanayi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya ce yana jin labarin zanga-zangar sauyin yanayi a Turai da Amurka, kuma an ce har da ƙungiyoyin maza masu neman maza da mata masu neman mata. Me ya kai su?

AMSA: To malam, sai mu fara da abin da masu zanga-zangar ke kira adalcin yanayi. Hayaƙin kwal da fetur da gas shi ke ɗumama duniya, damina ta rikice, yau fari gobe ambaliya. Ƙasashe masu masana'antu su suka tura mafi yawansa sama. Afirka duk girmanta rabonta bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Dubi Pakistan: nata bai kai kashi 1 ba, amma ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33. A shekarar ne taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Sharm el-Sheikh ta Masar ya amince a kafa asusun taimakon ƙasashen da suka yi asara.

Sai dai rashin adalcin bai tsaya tsakanin ƙasa da ƙasa ba, yana nan cikin gari guda. Duk wanda ya taɓa bin layin rabon taki ya san cewa in sunanka ba ya cikin takarda, hannu rabbana za ka koma gida. To nan ne kukan waɗannan mutane ya ke. Da guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans na Amurka a 2005, akwai dokar tarayya ta 1996 wadda ba ta ɗaukar maza biyu ko mata biyu a matsayin ma'aurata, ko sun shekara talatin a gida ɗaya. In ɗaya ya mutu, wanda ya rage ba ya samun haƙƙin da gwamnati ke bai wa mai takaba. Ga kuma matasansu da iyaye suka kora suna kwana a titi. Zafi ko ruwa ya zo, su ya ke fara samu.

Kotun ƙolin Amurka ta soke wancan sashe na dokar a 2013. Ƙungiyoyin kuwa sun ci gaba da fita tare da masu kare muhalli, suna neman a lissafa da mutanensu wajen rabon matsuguni da kayan agaji.