Jack O'Hagan: Mutumin da Ya Waƙe Garin da Bai Taɓa Gani Ba

Gundagai wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya, a bakin kogin Murrumbidgee, kan babbar hanyar da ta haɗa Sydney da Melbourne. In don girma ne, da babu wanda zai damu da shi. Amma da wuya ka sami dattijo a ƙasar da bai san sunansa ba, kuma babban dalili shi ne wata waƙa da ta fito a 1922 mai suna "Along the Road to Gundagai". Waƙar begen gida ce, ta mutumin da ya daɗe a nesa yana ɗokin komawa wurin iyayensa. Abin mamaki, wanda ya tsara ta bai taka garin ba sai a 1956, shekara 34 bayan fitowarta.

Sunansa John Francis O'Hagan, amma Jack kowa ke ce masa. An haife shi a 1898 a unguwar Fitzroy ta Melbourne, ɗan birni ne gaba da baya. Tun yana saurayi ya kama aiki a kamfanin Allan, mai buga takardun waƙa da sayar da kayan kiɗa.

Sai an fahimci kasuwar wancan zamani kafin a gane irin gwanintarsa. A lokacin rediyo bai shiga gidaje ba, faifan garmaho kuma ba kowa ke da shi ba. Abin da ake saye shi ne takarda: baitoci da alamomin kiɗa a rubuce. Mutum ya kai ta gida, wata 'ya ko uwa ta zauna a gaban fiyano, sauran iyali su kewaye ta suna rerawa. To, yaya za a yi mutane su san wadda za su saya? Nan aikin su O'Hagan yake. Shi ne mai tallar waƙa: ya bi gidajen rawa da na wasan kwaikwayo da na silima, ya rera da kansa, ya lallaɓi shugabannin makaɗa su sa ta cikin jerin abin da za su buga. Wanda ya yi shekaru yana kallon fuskokin jama'a a irin wannan hali ba ya buƙatar malami ya gaya masa wane amshi ne ke kama kunne. A ganina, a nan ya yi karatunsa na gaske.

Kasuwar kuwa waƙoƙin Amurka da Ingila ne suka cika ta, cike da sunayen garuruwan da yawancin masu rerawa ba su san inda suke ba. O'Hagan ya ɗauki salon nan nasu, bai canza shi sosai ba, sai dai ya zuba masa sunayen gida: kogin gida, itatuwan gida. Dabarar ba ta da wuyar faɗa, amma ta ci. Fitaccen mawaƙin nan Peter Dawson ya ɗauki waƙar Gundagai a faifai, daga baya kuma ta zama taken shirin rediyo na "Dad and Dave", wanda aka fara a 1937 aka yi ta yi har 1953. Waƙar da ke buɗe shiri shekara goma sha shida, ko kurma ya haddace ta.

Yana kuma da hancin ɗan jarida. Duk abin da ya ɗauki hankalin ƙasa, kafin ƙura ta lafa ya mai da shi waƙa. Ya waƙe matuƙin jirgin sama Charles Kingsford Smith, ya waƙe Amy Johnson, Baturiyar Ingila da ta tuƙa jirgi ita kaɗai zuwa Ostireliya a 1930. A shekarar ce kuma ya fitar da "Our Don Bradman", lokacin da matashin ɗan wasan kurket ɗin yake gasa wa Ingila aya a hannu, talakawa kuwa suna fama da karayar tattalin arziki suna neman abin da zai faranta musu. Gundagai ma bai rabu da ita ba. Ya sake yi mata wasu waƙoƙin, har da ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin Amurka suka cika ƙasar.

Da zamani ya juya, silima mai magana ta zo da nata waƙoƙin daga Hollywood, fiyanon falo ya fara shan ƙura, sai ya koma tsara gajerun waƙoƙin talla na rediyo. Wasu za su ce ci baya ne. Ni ban ga haka ba, don tun fil'azal mai sayarwa ne da ya iya shiga zuciyar mai saye.

Ya rasu a Melbourne a 1987. A 2001, ƙungiyar APRA mai kula da haƙƙin mawaƙan ƙasar ta zaɓi fitattun waƙoƙin Ostireliya 30, kuma waƙar Gundagai na cikinsu, tana da shekara 79 a duniya.