Fasasshiyar Manhaja Za Ta Cinye Muku Aiki

Masu zane a kwamfuta na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, ku saurara tun ɓarnar ba ta game shaguna ba. Photoshop da CorelDraw ɗin nan da ake yawo da su a filashi, waɗanda aka fasa makullinsu don a more ba biya, ta cikinsu ɓarawo yake shigowa.

Tun 2018 akwai wata muguwar manhaja mai suna STOP, ko Djvu, wadda ta fi yaɗuwa ta irin waɗannan fasassun kaya. Wajen saka su za a ce ka kashe antibayiros tukuna, kai kuma ka kashe da hannunka. Kwamfuta ta ci gaba da aiki lafiya lau. Sai ka zo buɗe katin ɗaurin auren da ka kwana kana yi, ka tarar an maƙala wa sunan kowane fayil wata baƙuwar jela, ba mai buɗuwa, ga 'yar takarda tana neman kuɗin fansa, wanda a shekarun baya dala 980 ne, ko 490 in an biya cikin awa 72. Sau da yawa tana tafe da 'yar rakiya mai kwashe lambobin sirrin da ka adana na imel da Facebook. Filashin da yake jone a lokacin shi ma ba ya tsira. A Ƙaura kuwa, inda ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ke kai aikin bugu daga wannan shago zuwa wancan, fasasshiyar manhaja guda tana iya zaga gari a hannun abokai, kowa yana ganin alheri ya yi wa ɗan'uwansa.

Abin takaicin shi ne ba dole a ciki. Krita kyauta ce, don zane aka yi ta, kuma ba ta buƙatar intanet. Inkscape ta ishe ka tambari da rubutun allon talla. Mai waya ya sauke ibisPaint daga Play Store, ya rabu da wadda aka turo masa ta Xender.

Saurin aiki ma ba daga tsadar manhaja yake ba, daga tsari yake. Kafin ka ja layi ɗaya, tambayi girman abin da za a buga, domin kati yana son ɗigo 300 a kowane inci, kuma ƙaramin hoto in aka ja shi ya zama bana sai ya dushe. Yi zayyana a gurguje ka nuna wa mai aiki, sai ya amince ka zuba launi. Raba komai a leyarsa: bango daban, fuska daban, rubutu daban. Duk wanda ya taɓa yi wa ɗan siyasa fasta ya san dalili, don ana gab da bugu Alhaji zai kira ya ce a ƙara masa sarauta a gaban suna, a kuma canza launin hula. Launi kuwa ka duba shi a tsarin CMYK, kada shuɗin da ya burge ka a fuskar kwamfuta ya fito a mace a takarda. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za ta matse hoton.

Kada kuma ka ce ai komai nawa yana Canva ko Google Drive. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka yi makonni wanda aikinsa ke intanet kaɗai ba ya iya kaiwa gare shi. Ka ajiye kwafi a wani faifan daban, kana gama kwafewa ka zare shi ka sa a durowa.

Wanda abin ya riga ya afka masa ya cire kwamfutar daga intanet nan take, kada ya jona wani faifan a jikinta, ya canza lambobin sirrinsa daga wata wayar. Kada ya biya ko sisi, don ba wanda zai tilasta wa ɓarawo ya turo makulli bayan ya karɓi kuɗi.